Agogon Hadari a Bakin Kasuwar Haɗeja

Makon jiya wani saurayi ya shigo shagona da ma'aunin iska a cikin buhu, irin na jirgin ruwa mai jikin tagulla, wanda mahaifinsa ya saya a kayan gwanjo ya rataye a falo don ado. Ya ce allurar ba ta motsi, ya duba a waya an ce man inji take so, shi ne ya ɗiga mata. Ina kwance murfin baya sai ga baƙin mai yana nasowa har kan fuskar. Na ce, "Samari, wa ya ce maka injin markaɗe ne?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai ba wani abu a ciki, allura ce da sifirin." Kwana huɗu na yi ina wanke wannan ba wani abu ɗin da fetur. Da ya dawo na saka ma'aunin a farar leda, na hura mata iska, na ƙulle bakin, na ce ya matsa da hannu biyu. Allura ta tafi dama. Ya saki, ta dawo. Lafiyarta ƙalau tun farko. Shi ne bai san cewa wannan allura a yini guda ba ta wuce faɗin ƙwayar shinkafa biyu ba.

To ku da kuke zama a bencina kuna cewa aikin nan kallon allura ne kawai, kuma waya ta riga ta kashe shi, ku saurara. Sunana Garba. Fiye da shekara arba'in ina bakin kasuwar nan ina gyaran agogo, kuma ni ne mutumin da masu jirgi ke tambaya ko su tashi ko su ɗaure.

Baba Yohanna ne ya koya mini, mutumin Filato, Kirista. Ya yi ƙuruciyarsa a tashar jiragen ruwa ta Ikko yana gyara musu kayan awo, aikin koyarwar matarsa ne ya kawo su garinmu. Mahaifina masunci ne. Ya kai ni wurinsa saboda ƙafata ta hagu ba ta da ƙarfin tsayuwa a jirgi. Mutane suka yi ta surutu, mahaifina ya ce agogo ya kai ni in koya, kuma ko'ina a garin nan ba wanda ya kai mutumin hannu. A shekarun da na yi da shi ban taɓa makara salla ba, don shi ne ke ɗaga kai ya ce, "Garba, ajiye, lokacinku ya yi."

Shekarar farko ban buɗe agogo ko ɗaya ba. Sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya watsa ƙananan kusoshi waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, ya ba ni matsefata ya ce in tsince su in jera bisa girmansu. In ɗaya ta yi tsalle, sai in durƙusa in neme ta a ƙasa, ko da yini zan yi. Daga nan na koyi riƙe tabarau na ido ɗaya ba tare da na runtse ɗayan ba, na koyi wasa bakin sukudireba a kan dutse har ya zauna daidai a tsagar kusa, na koyi cewa man agogo da tsinin allura ake ɗaukarsa, kuma in ka ga man da idonka to ya yi yawa. Kayan aikin nan da kuke gani a tire, rabinsu nasa ne. Buroshin gashin raƙumin ma bai canza ba, sai dai ya yi sanƙo.

Abu biyu ne a rataye a bangon shagonsa waɗanda ya hana ni taɓawa sai a shekara ta uku. Ɗaya agogo ne mai hannu ɗaya tak, na gane cikar ruwan teku da janyewarsa. Ɗayan shi ne ma'aunin iska, shi yana ce masa baromita, 'yan kasuwa kuma suka sa masa agogon hadari. Ranar da ya buɗe mini shi sai da ya sa na wanke hannu sau biyu. A ciki akwai ɗan gwangwani shafaffe kamar na man zafi, an zuƙe iskar cikinsa an liƙe. In iskar gari ta yi nauyi sai ta danne shi, in ta yi sauƙi sai ya ɗago. Motsin bai kai kaurin takarda ba. Wata sarƙa siririya kamar gashin jariri ce ke ɗaukar wannan motsi ta kai wa allura. Ya ce, "Nan ne ran abin. Ka taɓa ta da yatsa, gumin hannunka zai cinye ta kafin damina biyu."

Sai ya ba ni littafi ya ce in riƙa rubuta inda allura take sau huɗu a yini. Bayan wata guda na zo masa da ƙara, na ce, "Baba, abin nan ƙarya yake yi. Kullum da hantsi sai ya hau, da la'asar ya sauka, ko da hadari ko babu." Ya ce, "Yau ka fara aiki." A ƙasashen sanyi, in ji shi, allura na faɗuwa sosai kafin ruwa, har an rubuta musu a fuskar ma'aunin inda ruwa yake da inda rana take. A nan wannan rubutu ado ne. A ƙasarmu iska tana cika tana janyewa kullum kamar ruwan teku, kuma aikinka shi ne ka haddace wannan hawa da sauka har ranar da ya kauce ka gane. In da hantsi ba ta kai inda ta saba ba, ko da azahar ta riga ta sauka inda sai la'asar take zuwa, sai ka fita waje ka dubi gabas, ka ji zafin da ke jikinka, ka haɗa. Wanda bai yi shekara yana rubutu ba, ko ma'auni goma ya rataye, bango kawai ya yi wa ado.

Da Baba Yohanna ya tsufa ya koma gida, ya tafi da agogon tekunsa, ya bar mini ma'aunin da shagon. Ya kuma bar mini doka ɗaya: kada in taɓa cewa za a yi ruwa ko ba za a yi ba. Wannan na Allah ne. Ni abin da zan ce shi ne iska ta yi nauyi ko ta yi sauƙi, don shi na auna.

Akwai wani aiki da har yau nake ba da labarinsa in an ce mini kowane mai gyara ma mai gyara ne. Wani tsohon sojan ruwa daga Birniwa, kowa Baba Soja yake ce masa, ya zo da agogon teku naɗe a rawani, ransa a ɓace. Ya kai wa wani a Kano don a wanke masa, mutumin ya ga kullum agogon na makara da kusan minti hamsin, sai ya datse siririn sifirin nan da ke riƙe bugun agogo har ya daidaita shi da na hannunsa, ya kuma yi alfahari ya gyara. Bai san cewa makarar ita ce aikin agogon ba. Ruwan teku wata yake bi, ba rana ba, wata kuwa ko yaro ya san kullum sai ya jinkirta fitowa. Na ce, "Baba Soja, me za ka yi da cikar teku a Birniwa?" Ya ce, "Malam Garba, shekara ashirin da shi nake tashi nake kwanciya. Ba shawara na zo nema ba, za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Na fasa matattun agogo shida kafin in sami sifirin da ya yi kusa. Na ɗaura, na riƙa gwada shi da ƙarar sanar da lokaci ta rediyo kowace safiya, ina matsar da shi kaɗan kaɗan, kwana goma sha ɗaya. Sannan Baba Soja ya kira wani abokin aikinsa na dā da ke Fatakwal, muka zauna muna jira har mutumin ya ce ruwa ya cika yanzu, na ɗora hannun agogon a sama. Bayan mako ya dawo muka sake kira. Bambancin bai kai kwata ba. Tsohon nan ya miƙe ya sara mini a tsakiyar kasuwa, masu tumatir suna kallo.

Amma abincina na yau da kullum masu jirgi ne da manoman fadama. Da damina ta kankama, ruwa ya shafe hanyoyin ƙauyuka, sai komai ya koma kan jirgi: shinkafa, kifi, mai ciki, gawa. Fadamar nan in ta cika ba ka ganin gaɓa, kuma inda ciyawar kacala ta toshe hanya dole ka bi ta fili, inda iska ke samun jirgi a buɗe. Kuna cewa waya na faɗar hadari. Tana faɗa, na jihar nan gaba ɗaya. Mai jirgi kuwa so yake ya san na tsakanin nan da Guri, daga azahar zuwa la'asar.

A cikinsu wanda ya fi zuwa shi ne Ɗan'azumi, mai babban jirgin katako da ke jigila zuwa ƙauyukan wajen Guri. Shi ke riƙe baya, ƙanensa Isiyaku ke tura gora a gaba. Ba ya doguwar gaisuwa. Sai ya leƙo ya ce, "Malam, yaya iskar?" In na ce da nauyi, ya wuce. In na ce ta yi sauƙi, ya koma ya ɗaure jirgi ya sha zagin fasinja. Shekara tara muna haka.

Sai shekarar da ruwa ya zo wa garin nan da gaske. Duk wanda ke da hannu yana bakin jingar da ke tare ruwa yana cika buhu da ƙasa, malamai, 'yan kasuwa, ma'aikata, har da ni da gurguwar ƙafata ina riƙe bakin buhu. Ruwa bai shiga shagona ba, amma bangon ya sha laima har yana gumi. Kwana shida ban rubuta komai a littafi ba. Wayoyi kuma duk sun mutu, babu wuta babu sabis, saboda haka ku daina ce mini da an duba waya da abin da ya biyo baya bai faru ba.

Rana ta bakwai, ana gama azahar, na zo shago in ɗauki igiya. Ɗan'azumi ya tare ni a ƙofa. Ya yi lodin shinkafar da mutane suka ceto daga gona, da mata biyar da za su koma gida. Ya ce, "Malam, yaya iskar?" Na waiga na dubi bango daga inda nake tsaye. Allura tana sama, wurin nauyi. Na ce, "Da nauyi." Ya ce, "Madalla," ya juya.

Ko ɗan wata uku a aikin nan ya san cewa da azahar allura ba ta zama a wurin hantsi. Ya kamata ta riga ta fara sauka. Allurar da ta tsaya a sama a wannan lokaci ba labarin iska take bayarwa ba, labarin kanta take bayarwa. Kuma ba a karanta ma'auni daga bakin ƙofa. Matsowa ake yi, a ƙwanƙwasa gilashin da farce, a ga inda za ta zabura. Taku uku ne tsakanina da bangon. Ban yi su ba.

Kafin la'asar gabas ta yi baƙi. Iskar ta same su a fili, ta juya jirgin a gicciye, ruwa ya shiga ta gefe. Masunta da ke kusa suka tsamo matan biyar da Ɗan'azumi. Isiyaku ya tura biyu daga cikinsu har suka kama jirgin masuntan, ya koma don ta uku, buhunan suka rufto masa. Sai washegari aka same shi a cikin kacala.

Na je jana'iza. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya matsa mini a sahu. Bayan addu'ar uku Bulama, mai unguwarmu, ya aiko in zo da ma'aunin nawa. Na tarar da zauren cike, dangin mamacin a gefe guda, Ɗan'azumi a tsakiyarsu kansa a ƙasa. Wani kawunsu ya miƙe ya ce a fasa ma'aunin a gaban kowa, duba ne da aka sa wa gilashi, kuma tun farko daga hannun wanda ba ya salla ya fito. Wasu suka ce haka ne. Bulama ya ce, "Malam Garba, ka ji. Mutane sun ce injin nan ya yi ƙarya. In ka yarda a fasa, magana ta ƙare, kowa ya san ƙarfe ba ya da hankali."

Hanya ce ya buɗe mini, na kuma gane. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni tire." Na shimfiɗa ƙyalle, na kwance murfin a gabansu, na miƙa wa kawun tabarau na ce ya duba sarƙar. Tsatsa ta kama ta ja wur, ta ƙage a kan sandarta. Na ce, "Wannan laimar bango ce. Kwana shida ban duba ba. Da na ƙwanƙwasa gilashin da na gani. Ƙarfen nan bai ce iska na da nauyi ba, ni na ce. Wanda ya koya mini kuma ya hana ni karatu daga nesa tun ina yaro, kada a sa shi a ciki. In akwai abin da za a fasa a zauren nan, ga ni."

Kawun ya ce to in rantse na bar wannan aiki. Na ce ba zan rantse ba. Na ce gobe ma jirage za su tashi, da ni da babu ni, kuma hadari ba zai fasa zuwa don na rufe littafi ba. Wanda ba ya so kada ya tambaye ni, amma zan gyara shi, zan rataye, zan rubuta. Aka yi ta hayaniya. Ɗan'azumi ya tashi ya fita. Bulama ya sallami taron ba a yanke komai ba.

Sarƙar ba ta gyaru ba. Na cire ta wani tsohon agogon aljihu, na rage ta, na yi mako uku ina daidaitawa. Na tayar da ma'aunin daga jikin bango na yi masa allon katako. Na sayar da kekena na sa aka nemo mini ma'auni na biyu daga Ikko, na rataye su nesa da juna, don in ɗaya ya ƙage ɗayan ya tona shi. Damina biyu ba mai jirgin da ya leƙo. Masu kawo agogo ma suka ragu, wasu in sun zo wucewa sai su tsallaka ɗaya gefen titi. Yara suna kirana mai agogon mutuwa. Sau huɗu a yini nake tashi in karanta in rubuta, ba wanda ya tambaya. Littattafan suna nan a akwati, ku buɗe ku nemo mini yini ɗaya da babu rubutu tun daga wannan shekara.

A damina ta uku, wata Laraba da azahar, ina kan wani agogon bango sai inuwa ta rufe mini haske. Ɗan'azumi ne. Ya rame, ya yi furfura a gemu. Bai yi sallama da ƙarfi ba, bai zauna ba. Ya ce, "Malam, yaya iskar?"

Na tashi na je gaban ma'auni na farko, na je gaban na biyu, na buɗe littafi, na fita na dubi gabas. Duka biyun sun sauka ƙasa da inda suka saba, zafin kuma irin mai danƙo ne. Na ce, "Ta yi sauƙi. In ni ne ba zan tashi ba."

Ya koma ya sauke fasinja. Har shagona nake jiyo masifar wata mai kifi da kayanta za su lalace. La'asar ta yi, gabas ta haɗa, ta yi duhu, sannan iska ta kwashe hadarin ta yi kudu da shi. Ko ɗigo bai sauka ba. Jiragen da suka tashi duk suka isa lafiya, aka yini ana yi wa Ɗan'azumi dariya a bakin ruwa, wai mai agogo ya sake cin sa.

Washegari da hantsi sai ga shi. Na ɗauka faɗa ya kawo, na ajiye tabarau na ce, "Jiya ban ce za a yi ruwa ba. Abin da na auna na faɗa maka, kuma in ta sake yin haka yau, haka zan sake faɗa."

Ya ce, "Na sani, Malam. Na gan ka ka tashi ka je ka duba." Ya jawo bencin nan da kuke kai ya zauna. "Yau fa?"